Yadda Za Ka Riƙa Ganin Kanka a Monita Yayin da Kake Ɗaukar Kanka da Kyamara

Mai ɗaukar kansa aikin mutum biyu yake yi: shi ne a gaban kyamara, shi ne kuma ya kamata ya tsaya a bayanta. Da yawa daga cikin kyamarorin da ke hannun masu ɗaukar bidiyo a Jos allonsu baya yake kallo. Canon 5D Mark III, 2000D da 4000D, da Nikon D3500, allonsu a manne yake da jiki, ko motsi ba ya yi. Sony a6000 da a7 III nasu yana ɗan karkatawa sama ko ƙasa, amma ba ya juyowa gaba. Ita a6400 allonta yana ɗagowa ta sama ya fuskance ka, sai dai da zarar ka ɗora makirfo a mazaunin filasha ya tare shi. Daga nan sai mutum ya yi bayani na minti 20, ya tashi ya duba, ya tarar an yanke masa rabin hula, ko fokas, wato inda hoto ke fitowa tar, yana kan labulen da ke bayansa, ko kuma kyamarar ba ta ma fara ɗauka ba tun farko.

Maganin abin shi ne a fito da hoton zuwa wani allo da ke fuskantarka. Ko wace hanya ka bi, ka riƙe wannan tun yanzu: amfanin monita shi ne ka daidaita komai kafin ka fara magana, sannan ka riƙa satar kallonta jefi-jefi don ka tabbatar ana ɗauka. Idan ta zama abin da kake zuba wa ido tun daga farko har ƙarshe, to ta ɓata maka bidiyo maimakon ta gyara.

Ka fara da ramin da ke jikin kyamararka

Kafin ka nufi Terminus ko shagunan titin Ahmadu Bello Way sayen kebul, buɗe murfin robar da ke gefen kyamara ka duba ramin HDMI. Iri uku ne. Akwai babba, irin na bayan talabijin da dikoda, shi ne a jikin Panasonic GH5 da Sony a7 IV. Akwai matsakaici da ake kira mini, shi ne a yawancin manyan kyamarorin Canon da Nikon masu madubi a ciki, irin su 600D, 80D, 5D da D3500, har da Nikon Z6. Sai ɗan ƙarami da ake kira micro, wanda ke jikin Sony a6000, a6400, a7 III da Canon M50. Mini da micro ba sa shiga ramin juna, kuma micro HDMI yana kama da bakin tsohuwar cajar waya ta micro USB, shi ya sa ake yawan sayar wa mutane abin da ba shi ba. Ka tafi da kyamarar shagon, a soka a gabanka, hoto ya fito, sannan ka biya.

Ka nemi kebul guda ɗaya wanda bakinsa ɗaya ya dace da kyamara, ɗayan kuma babba ne na monita. Ka guji adafta mai tauri da ake sokawa a ramin kyamara sannan a ɗora mata katon kebul na talabijin. Nauyin kebul ɗin duk a kan ɗan ramin zai sauka, kuma ramin micro HDMI a jikin babban allon lantarkin kyamarar ake like shi a samfura da yawa. Idan ya ɓalle, gyaran ba na bakin titi ba ne, wani lokacin sai an canja allon lantarkin gaba ɗaya. In monita a saman kyamara za ta zauna, siririn kebul mai laushi na santimita 30 zuwa 50 ya wadatar. In kuma a kan wata sanda daban take, mita 2 zuwa 3. Ko wanne ne, ka ɗaure kebul ɗin a jikin ƙafar kyamara da roba ko salatif, ka bar masa ɗan lanƙwasa tsakanin ɗaurin da ramin, ta yadda in yaro ya yi tuntuɓe da shi ɗaurin ne zai sha jan. Mai keji, wato ƙarfen da ake zagaye kyamara da shi don ɗaura kayan aiki, a jikin kyamararsa ya nemi 'yar matsewar da ake ɗaure bakin kebul da ita, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Wane allo za ka yi amfani da shi?

Ƙaramar monita ta kyamara ita ce aka yi domin wannan aikin. Ana samun ta inci 5 zuwa 7: Feelworld F6 Plus mai inci 5.5, Lilliput A7S mai inci 7, Atomos Shinobi, da makamantansu. Abin da ya bambanta ta da talabijin ba girma kaɗai ba ne. Tana aiki da batir, tana karɓar kusan kowane irin sigina da kyamara ke fitarwa, kuma tana da kayan auna fokas da haske a cikinta. Wajen zaɓe, nisan da ke tsakaninka da kyamara shi ne ma'auni. Inci 5 tana yi idan kana zaune kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A mita 2, inci 7 ma da ƙyar za ka gane ko idonka ya fito tar. Da ka wuce haka, ka nemi talabijin ko monitar kwamfuta mai inci 19 zuwa 32.

Ƙarfin hasken allo da nit ake auna shi. Masu sauƙin kuɗi suna kaiwa wajen nit 450 zuwa 500, kuma a cikin ɗaki hakan ya isa har ya yi yawa. A fili kuwa labari ya sha bamban. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska da sanyi amma rana da kaifi, kuma in ka fita ɗauka a duwatsun Shere ko wajen Rayfield da tsakar rana, allo mai nit 500 fuskarka kawai zai nuna maka kamar gilashin taga. Shinobi tana da nit 1,000, Feelworld LUT7 kuma 2,200. In ba ka da irin waɗannan, ka sa hular inuwar da ke zuwa a kwalin monita, ko ka yanka baƙin kwali ka zagaye ta da shi.

Talabijin ɗin falo yana yi, kuma ga mai karantarwa ko mai tallan kaya da ke ɗauka a wuri guda kullum, sau da yawa shi ya fi. Sai dai ya zo da halinsa. Shiga saitin hoto ka zaɓi "Game Mode" don rage jinkiri, ka kashe duk wani saiti na gyaran motsi da ƙarin kaifi. Sannan talabijin yakan yanke gefe-gefen hoto ya ɓoye, ka ga kamar sandar fitila ba ta shigo ba alhali tana ciki. A LG ana gyara wannan da "Just Scan", a Samsung kuma "Screen Fit" ko "Fit to Screen". Abu na uku, ka kashe sautinsa gaba ɗaya. HDMI yana ɗauko murya tare da hoto, in lasifikar talabijin na buɗe muryarka za ta fito a makare ta sake komawa makirfo, ka samu amsa-kuwwa ko ƙara mai tsinka kunne a cikin ɗaukar. Kada kuma ka yarda da launin da talabijin ke nunawa, an saita shi ne don ya burge mai saye a shago.

Laftof fa? Ramin HDMI da ke jikin laftof fitar da hoto yake yi, ba ya karɓa, don haka soka kyamara a ciki kai tsaye ba zai nuna komai ba. Sai an sa kafca-kad a tsakani, wata 'yar na'ura mai ramin HDMI a gefe ɗaya da bakin USB a ɗayan. Kwamfuta za ta gan ta kamar kyamarar hira ta bidiyo, ka buɗe ta a OBS Studio, manhaja ce ta kyauta. Masu arha suna ba da hoto mai girman 1080p a firam 30, wato hotuna 30 cikin daƙiƙa, kuma don duba tsayuwar hoto sun wadatar. Elgato Cam Link 4K ta fi su tsabtar hoto da tsada. Wannan 'yar na'urar tana aiki da wayoyin Android da yawa ta adaftar OTG, mai ba waya damar karɓar na'urar USB, tare da manhajar kyamarar USB, haka ma iPad mai ramin USB-C tun daga iPadOS 17 da ya fito a 2023. Masu Canon suna da wata hanyar da ba ta buƙatar kafca-kad: kebul ɗin USB da manhajar EOS Utility, wadda ke nuna hoton a kwamfuta, kuma daga nan kana iya saita fokas da fara ɗauka.

Sai hanyar Wi-Fi, inda waya ke zama allo ta manhajar kamfanin kyamara: Camera Connect ta Canon, Imaging Edge Mobile ko Creators' App ta Sony, LUMIX Sync ta Panasonic, SnapBridge ta Nikon. Daɗinta shi ne wayar tana hannunka, kana iya taɓa fuskarka a allo fokas ya koma can, ka danna ɗauka ba tare da ka tashi ba. Aibinta jinkiri da yankewa, ga cin batir. Wasu tsofaffin kyamarori ma ba sa haɗa biyun: Canon 6D da 70D ba sa ɗaukar bidiyo muddin Wi-Fi na kunne. A ganina wannan hanya ta fi kyau a matsayin rimot, a haɗa ta da wani allon in kyamarar ta yarda.

Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba, ya kafa madubin fuska a bayan kyamara ya karkata shi har ya hango allonta daga inda yake zaune. Ba zai nuna maka fokas ba, amma zai nuna maka jan ɗigon ɗauka da inda kanka ya tsaya.

Haɗawa da saitin cikin kyamara

Ka bi wannan jerin kowane lokaci. Da farko ka sa wa kyamara da monita wutarsu, batir ko adafta, duk a kashe. Sannan ka soka kebul ɗin HDMI. Ka kunna monita, ka zaɓi ramin da ka soka in talabijin ne, daga ƙarshe ka kunna kyamara. Wajen kwancewa ka kashe su, ka fara zare HDMI, sannan ka cire wuta. Dalilin zai zo a ƙasa, a maganar wuta.

A menu na kyamara ka nemi sashen HDMI. Abu na farko girman hoton da za ta fitar. In ka bar shi a "Auto" kyamara da monita za su sasanta da kansu, kuma yawanci suna dacewa. In allo ya tsaya baƙi ko ya rubuta ba ya karɓar siginar, ka mayar da shi 1080p da hannunka. Wannan saitin na abin da ke fita ta kebul ne kawai, bai taɓa ingancin abin da ake adanawa a memori ba, kana iya ɗaukar 4K a ciki kana kallon 1080p a waje. Monitar kwamfuta ta fi kowa tsirfa a nan: da yawa ba sa karɓar firam 24 ko 25, ko siginar 1080i, sun fi sabawa da 60, wasu kuma 50. In kyamararka tana da zaɓin fitar da 1080p a 50 ko 60, shi za ka ba ta.

Abu na biyu, rubuce-rubucen kan allo. Masu watsa shiri kai tsaye suna son hoto fes ba rubutu, shi ya sa za ka ji ana ta maganar kashe su. Kai mai ɗaukar kanka akasin haka kake buƙata. Kana son ganin jan ɗigon ɗauka, lokacin da ke tafiya, sauran batir, sauran memori da ma'aunin sauti yana motsi. A Sony sunan saitin "HDMI Info. Display". In ka kunna shi, bayanan suna komawa monita, allon kyamarar kuma ya ɗauke ya yi baƙi, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. In ka kashe, allon kyamara ya dawo, monita kuma ta nuna hoto zalla. A Canon maɓallin INFO ne ke sauya abin da ke fita, sababbin samfura kuma suna da nasu saitin a menu. Muhimmancin wannan ya fi fitowa ga masu doguwar ɗauka, kamar darasi ko lacca: Canon 80D, M50 da Sony a7 III duk suna tsayar da ɗauka da kansu dab da cika minti 30. In ba ka ganin agogon, za ka ci gaba da zuba bayani ga kyamarar da ta daɗe da tsayawa. Ka kuma kashe saitin da ke sa kyamara ta yi barci bayan minti ɗaya ko biyu, in ba haka ba kana cikin gyara zama monita za ta ɗauke.

Akwai halayen wasu kyamarori da ya kamata ka sani don kada ka zargi monita a banza. Canon 5D Mark II da 600D suna fitar da hoto mai kyau kafin ɗauka, amma da ka danna sai ingancin abin da ke fita ya faɗi ƙasa sosai, monita ta ɗan ɗauke na daƙiƙu kafin ta dawo da hoto dishi-dishi. Abin da ke shiga memori lafiyarsa ƙalau. Da irin waɗannan, fokas kafin dannawa ake gama shi. Sony a6400 da a7 III kuma suna kashe allonsu idan ana ɗaukar 4K da HDMI a soke, kuma a wasu saituna na 4K ɗin bin fuska na daina aiki. Ka gwada naka: zauna, danna ɗauka, matso gaba ka koma baya, ka ga ko fokas na biye da kai. In ba ya bi, ka sauko 1080p ko ka koma fokas na hannu.

Inda za ka kafa ta

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kayan aiki masu tsada ba sa gyara shi. Mai kallon bidiyo yana gane inda idonka yake. In monita tana gefe, za a gan ka kana magana da wani wanda ba ya cikin ɗakin. Don haka ka matso da ita kusa da idon kyamara iyakar iyawa, a sama kai tsaye ko a ƙasa kai tsaye. Kaucewar ido sama ko ƙasa kaɗan ba ta cika fitowa ba kamar kaucewa hagu ko dama, inda farin ido ke tona asiri.

Lissafin mai sauƙi ne. Monitar da ke kan mazaunin filasha, tsakiyarta na nesa da tsakiyar idon kyamara da kamar santimita 12 zuwa 15. In kana zaune a mita ɗaya, idonka zai kauce da digiri 7 zuwa 8, kowa zai lura. A mita 3 kaucewar ba ta wuce digiri 2 zuwa 3 ba, da wuya a gane. Ke nan ja da kyamara baya, a sa gilashi mai jawo hoto kamar 50mm, yana rage matsalar. Sai dai kana ja da baya allon na ƙara ƙanƙancewa a idonka, shi ya sa masu ɗaki na dindindin suke ajiye talabijin a kan ɗan teburi daidai ƙarƙashin kyamara, bakinsa na sama yana kusan taɓa gilashin.

Ramin notin da ke ƙasan monita iri ɗaya ne da na ƙasan kyamara, mai kwatar inci, don haka tana hawa kan sandar fitila ko ƙafar kyamara ta biyu da ɗan kai mai juyawa. Monita mai inci 7 da babban batir a bayanta ta yi wa mazaunin filashar ƙaramar kyamara nauyi, tana iya sa kan ƙafar ya riƙa sunkuyawa a hankali kana cikin ɗauka. Ka ba ta sandarta daban. Ka kuma rage haskenta idan kana sa tabarau, in ba haka ba ɗan farin murabba'i zai fito a kowane gilashi.

Yanzu maganar juyin hoto. Kyamara tana nuna ka yadda mutane ke ganinka, ba yadda madubi ke nuna ka ba. Ka matsa dama, a allo ka ga ka tafi hagu, ka kai hannu gyara hula ka taɓa ɗaya gefen. Yawancin ƙananan monitoci suna da saitin "Image Flip" ko "Mirror", ka zaɓi juyin hagu da dama. A OBS ma akwai shi, a ƙarƙashin "Transform". Juyin a monita kaɗai yake, abin da kyamara ke adanawa a memori bai canja ba, don haka in ka ga rubutun rigarka ko na kwalin kayan da kake talla ya juye, kada ka damu. Amma in da OBS ɗin kake adana bidiyon ko watsa shi, juyin zai shiga ciki, sai a kula. Talabijin yawanci ba shi da wannan saitin, sai dai sabo.

Mai ɗauka don TikTok ko gajerun bidiyon Facebook da YouTube, in ya kwantar da kyamara a gefenta don hoto ya fito a tsaye, dole monitar ma ya juya ta haka. In kuma a kwance zai ɗauka ya yanka daga baya, ya kunna layin 9:16 in monitar na da shi, ko ya manna siraran salatif biyu a allon. Faɗin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton ba, hannun da ya fita daga layin an yanke shi.

Fokas da haske

Ƙaramin allo maƙaryaci ne wajen fokas, komai yana fitowa da kaifi a inci 5. Gilashin 50mm a buɗe f/1.8 (lambar f ma'aunin buɗewar gilashi ce, ƙaramar lamba buɗewa sosai), a kan kyamara mai cikakken firam, wato mai babban sensa, irin 5D, in kana nesa da mita ɗaya da rabi, zurfin wurin da ke fitowa tar bai wuce santimita 10 ba. Jingina da kujera kaɗai ya isa ya fitar da kai. A f/4 zurfin ya haura santimita 20. Mai ɗaukar kansa ya fi samun kwanciyar hankali a f/4 ko kusa da haka, ko da bayan bai narke sosai ba.

Ga yadda ake fokas na hannu ba mataimaki. Ka kafa sandar fitila a daidai inda fuskarka za ta kasance, ka manna mata takarda mai rubutu a tsayin idonka. Ka je bayan kyamara ka saita fokas a kan rubutun, ka mayar da gilashin MF, wato fokas na hannu, don kada ya sake motsi. Ka manna salatif a ƙasa inda ƙafafun kujera suke. Sannan ka cire sandar ka zauna, ka kunna "Peaking" a monita, wato jan layi ko kore da ke bayyana a gefen duk abin da ya fito tar. A gashin ido da girarka kake son ganin sa, ba a zanen hula ko aikin wuyan riga ba, waɗanda kullum suke fara ɗaukar launin saboda yawan zarensu. In monitar na da zuƙowa, ka zuƙo sau 2 ko 4 ka tabbatar.

Wajen haske kuma, kada ka auna da yadda hoton ya yi maka a ido, domin hasken allon kansa yana ruɗi. Ka kunna "Zebra" ka sa shi a 95 ko 100. Duk inda layuka suka bayyana, wurin ya ƙone ko yana dab da ƙonewa. Wannan ya fi damun mai baƙar fata sanye da farar shadda: in ka buɗe haske don fuska ta fito, rigar ta ƙone, in ka rage don riga, fuska ta nutse. Monita ba za ta warware maka wannan ba, za ta nuna maka ne kawai. Gyaran shi ne ƙara fitila ko farin kwali mai maido haske a kan fuska, ko a canja riga zuwa mai ɗan duhu. Mai ɗauka da Log, saitin da ake gyara wa launi daga baya, zai ga hoto fari-fari ba launi, sai ya loda LUT, wato fayil mai maido da launi, a monita in tana karɓa, ko ya kunna taimakon kallo na cikin kyamara.

Ka lura da layuka masu yawo a hoto ko fitila mai ƙyaftawa. Wutar Najeriya 50Hz ce, don haka ka sa kyamara a tsarin bidiyo na PAL, firam 25 ko 50, shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam, 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Kyamarar da aka sayo daga Amurka yawanci a tsarin NTSC take zuwa, firam 30 da shota 1/60, kuma a ƙarƙashin wasu fitilun sai ta yi ta rawa. Ƙaramin janareta ba ya riƙe 50Hz daidai, musamman in an ɗora masa kaya, don haka in an koma kansa ka sake duba monita, ka ɗan motsa shota har layukan su tsaya.

In monitar tana da ramin abin sauraro na kunne, ka gwada shi. Sony a6400 ba ta da nata ramin, don haka ta monita ake jin abin da makirfo ke ɗauka. Ba kowace kyamara ke tura sauti ta HDMI lokacin ɗauka ba. Kuma da ka gama gwaji ka cire abin kunnen, jin muryarka a makare yana sa harshe sarƙewa.

Wuta

Yawancin ƙananan monitoci batirin NP-F suke ci, irin wanda fitilun bidiyo ke amfani da shi. Monita mai cin kamar wat 9, ƙaramin NP-F550 ba zai kai ta awa 2 ba, babban NP-F970 na gaske kuwa yana iya kai ta awa 4 zuwa 5. Masu haske sosai sun fi haka ci. Adadin da aka rubuta a jikin batiran kasuwa ba abin dogaro ba ne, ka auna naka da agogo sau ɗaya ka rubuta a jikinsa. A sanyin Disamba da Janairu na Jos batir yana saurin sauka, musamman ɗaukar sassafe a waje, don haka na ajiya ya zauna a aljihu kusa da jiki.

Haɗarin da ya fi tsada shi ne ƙonewar ramin HDMI. Yana faruwa ne galibi idan kyamara da monita suna shan wuta daga tushe ɗaya, misali monitar da ke da ramin fitar da wuta zuwa batirin bogi na kyamara, wato kwanson batir mai kebul da ke kawo mata wuta daga waje, ko adafta biyu a ekistenshan guda. In HDMI na soke ka zo soka wuta, akwai ɗan lokacin da layin wuta ke haɗuwa kafin layin ƙasa, sai wutar ta nemi hanyar komawa ta cikin kebul ɗin HDMI ta ƙona abin da ke bayan ramin. Shi ya sa wuta ke fara shiga, HDMI ya biyo baya, kuma shi ke fara fita. Haka nan in an ɗauke wuta za a tayar da janareta, ka zare HDMI daga talabijin kafin a sauya layi. Mafi aminci shi ne kyamara ta zauna a kan batirinta ko da talabijin na kan wutar gida.

In hoto ya ƙi fitowa

Ka fara da kebul, shi ne mai laifi a mafi yawan lokuta. Canja wani ka gani. In hoto na ɗaukewa yana dawowa duk lokacin da aka taɓa kyamara, bakin ne ya saki ko ƙura ta shiga. Ƙurar hunturu tana cika waɗannan ramukan, a hure ta da abin hura gilashi, ba da baki ba, ba kuma da tsinke ba, a riƙa mayar da murfin roba bayan aiki. In kebul lafiya yake, ka duba ko ramin "IN" ka soka a monita, domin da yawa suna da "OUT" a gefensa mai kama da shi sak. Sannan ka sauko da siginar zuwa 1080p. Wasu kyamarorin Canon suna rufe ramukan kebul idan Wi-Fi na kunne, ka kashe shi. Wasu ƙananan kyamarori kuma ba sa fitar da hoto kai tsaye sam, sai abin da aka riga aka ɗauka, wannan ba shi da gyara sai madubi ko manhajar waya.

Don sanin yawan jinkiri, ka tafa hannu kana kallon allo. Ta HDMI kai tsaye zuwa ƙaramar monita da ƙyar za ka lura. Ta kafca-kad za ka ga ɗan tazara, ta Wi-Fi kuwa wani lokacin har ka sauke hannu hoton bai tafa ba. Jinkirin bai shafi abin da ke memori ba.

In nisan ya wuce na ɗaki, kamar babban zaure inda mai jawabi ke son ganin kansa daga mumbari, kebul ɗin HDMI na yau da kullum yana fara gardama daga wajen mita 10. Daga nan sai mai ƙarin ƙarfi ko mai zaren gilashi a ciki, kuma waɗannan suna da gaba da baya: bakin da aka rubuta wa "Source" na kyamara ne, mai "Display" na allo, in aka juya su ba abin da zai fito. Masu aikin talabijin kan yi amfani da 'yar na'urar sauyi irin ta Blackmagic su mayar da siginar zuwa SDI, wani nau'in sigina da ke tafiya kusan mita 100 a kan kebul mai kyau, sannan a sake mayar da shi HDMI a bakin allon. Na'urorin aikawa ba kebul irin Hollyland Mars suna yin aikin su ma, amma kowane ɓangare na buƙatar batirinsa, kuma a zauren da ya cika da jama'a a ɗaga su sama da kawunan mutane, eriya na ganin eriya.